Bangon Lokon da Sagir Ya Shafe

Ƙanina Sagir ya shafe min aikin shekara shida da farin fenti. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya sa abin ya ƙi fita daga raina.

Ni makaniki ne a wani kamfanin roba a Sharada, karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. In na tashi daga aiki ba na zaman majalisa. A ɗakin zaure na kafa tebur, a kansa na gina 'yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa da hannuna. Layin dogon na waya ne, katakon ƙarƙashinsa tsinken ashana. Ciyawar garin katako ne da na rina, bishiyoyin soson wanka, yashin kuwa daga kogin Challawa na ɗebo na tankaɗe. Amma inda raina yake shi ne loko, wato rumfar da kawunan jirgi ke kwana. Bangonta kwali, rufinta gwangwanin madara da na buɗe na riƙa dannawa da sifokin keke har ya yi layi-layi kamar kwano. Da na gama, na kunna aci-balbal ina kara ta a bakin ƙofar, kullum kaɗan, wata guda cur, har hayaƙi ya kwanta a saman bangon yadda yake kwanciya a ta gaske.

Kakanmu a loko ya ƙare ƙarfinsa, yana zuba wa injin kwal. Ban riske shi ba. Matarsa na riska, Iya, a gidanmu na Challawa da ke bayan layin dogo. Bayan magariba takan zauna a gindin murhu tana jiran tuwo ya silala, mu kewaye ta. In jirgin kaya ya taso sai ta yi shiru, ta ce, "Ku bari maƙwabcinmu ya gama maganarsa, ya girme ku." In ya wuce ta zungure ni da muciya. "Kai miji marar cefane, matso, ga wata tatsuniya nan ta iso, ku tarbe ta."

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta wata tsohuwa da ɗanta ya tafi fatauci ya daɗe. Madafarta a jikin katangar waje take, hayaƙin shekaru ya mayar da bangon baƙi ƙirin, har matafiya da shi suke gane gidan. Rannan aka aiko mata cewa ɗanta na hanya. Ta dubi bangon, kunya ta kama ta. Ta nemo farar ƙasa ta shafe shi tas, ta kashe wuta don kada ya sake ɓaci, ta zauna a ɗaki tana jira. Ɗan ya shigo gari da almuru, ya zagaya sau uku yana neman baƙin bangon uwarsa. Da ya ga fari, babu hayaƙi, ya ce a ransa ta rasu, gida ya koma hannun wasu. Ya yi mata addu'a daga bakin hanya, ya kora jakunansa ya wuce.

Na ce, "Iya, to me ya hana shi yin sallama?"

Ta gyara itace ta ce, "Wa zai yi wa sallama? Bango ya riga ya ba shi amsa." Ranar ba ta rufe tatsuniyar da wasan da ta saba ba. Tuwo kawai ta kwashe.

Ina yaro wautar ɗan nake gani. Sai da na girma ina bin Sharada da Challawa a kan keke, ina wuce kamfanonin da aka rufe, bututun hayaƙinsu ruwan sama ya wanke fes, sannan na gane. Wurin da ya yi tsabta irin wannan, ba kowa a ciki.

Sagir shi ya yi karatu, manaja ne a wani kamfani a Bompai. Ya zo ya ce za su yi manyan baƙi, in ara masa tashar ya ajiye a ɗakin tarbarsu. Na ba shi, ni da kaina na ɗaure ta a bayan mota. Bayan sati biyu na je ɗaukowa. Na tarar da ita cikin gilashi, loko fari fat, rufi shuɗi yana ƙyalli, ko ɗigon baƙi babu.

Ya taso yana murmushi. "Yaya, ka ga na sa an gyara maka ita. Duk ta yi dauɗa, ba za ta shiga idon baƙi a haka ba. Kowa sai da ya ɗauki hoto."

Fentin mai ne, ya riga ya shige kwalin, ba ya kankaruwa. Sakatariyarsa na zaune, masinja na tsaye, ban rage murya ba.

Na ce, "Sagir, ran da Iya ta ba mu labarin farar ƙasa, kai ne a kan cinyarta. Ashe barci kake yi. Riƙe abinka. Wannan ba gidanmu ba ne, na wuce."