Injiniya da Ƙaura zuwa Gajimare

Babu abin da ke motsi a kamfanin nan sai da izinin Injiniya. Shi ya faɗa, kuma ba a taɓa musa masa ba, domin ba a cika shiga ɗakinsa ba. Asalinsa mai buga takardu ne. Da aka sayo babban injin da ke ajiye bayanan kamfani, sai aka tarar teburinsa ne ya fi kusa da soket, sunan kuwa ya bi shi. Shekara da shekaru yana jin lafiyar injin nan daga ƙarar fankarsa, in an tashi aiki ya kashe shi da hannunsa.

Rannan Manaja ta kira shi ta ce za a koma gajimare. Wato bayanan za su bar ɗakinsa su koma injinan wani kamfani, a riƙa isa gare su ta intanet. Wanda ya iya, da shi za a tafi. Wanda bai iya ba... sai ta gyara tabarau.

Ya fara bin darasi a waya. Malamin bidiyo ya ce abu ne mai sauƙin gaske, sannan ya bayyana cewa injin yana nan amma ba a nan yake ba, kuma ɗaya kan zama goma in an matsa masa. Injiniya ya tsayar da bidiyon ya leƙa wurin Akanta.

"Yanzu in ya yi zafi, wa zai taɓa ya ji?"

"Masu shi mana."

"To ni fa?"

Akanta ya tuna yana da aiki.

A gida matarsa ta ce, "Baban yara, kana ganewa kuwa?"

"Kowace kalma na gane ta. In suka haɗu ne suke juya mini baya."

"To ka ce su bar maka naka injin. Ai ba faɗa kuka yi ba."

Ya dai daure yana danna duk abin da malamin ya danna, har injina suka jeru a allon kwamfutarsa, kowanne da koriyar fitila. Ranar da za a tafi hutun ƙarshen mako ya dube su, ga su a kunne ba mai amfani da su. Hannunsa bai saba barin inji a kunne ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna jan maɓalli don ya kashe su. Wani gargaɗi ya yi ta fitowa, yana cewa eh, don malamin ma eh yake cewa. Sai a cikin mota ya tuna gargaɗin cewa yake abin da aka goge ba ya dawowa.

Hutun nan ko abinci bai iya ci ba. Da aka dawo ya tsaya gaban Manaja.

"Ranki ya daɗe, na goge kamfani."

Ta dubi kwamfutarta, komai na aiki. Aka kira Akanta, ya duba, ya ce injinan gwaji ne na ɗalibai, ko sunan kamfani babu a ciki.

Injiniya ya share gumi. "To ƙaurar fa, yaushe za mu fara?"

Manaja ta dubi Akanta, Akanta ya dubi silin. Ta ce ya ci gaba da abin da yake yi, za a waiwaye shi.

An gama ƙaurar tun watan jiya. Ɗan kwangila ne ya yi ta, aka manta ba a gaya wa Injiniya ba.