Jinin da Na Musanya a Hanyar Gashua

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na musanya jinin mahaifina da nawa ba.

A lokacin ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Nguru. Baba ya yi wata da watanni yana ramewa, fitsari yana ba shi wahala. 'Yar ƙaninsa, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini a wani asibiti a Gashua, ta zo duba shi. Ta ce wasu masu bincike sun kawo sabon gwaji: ana zuba wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani a cikin jini, su kama alamar ciwon daji tun bai yi ƙarfi ba.

Ni ban yarda ba. A shekarun nan kowa tsoron allurar baƙi yake, ana ta cewa kwashe jinin mutane suke yi. Na ƙudurta a raina kowa suka gwada ce masa za su yi yana da ciwo, don su samu na gwada magani a kansa.

Da aka ɗebi jinin Baba, ni aka ba kwalbar in kai Gashua. Na biya wajen wani abokina mai kemis ya ɗebi nawa, muka liƙa sunan Baba, na Baba kuwa na jefa shi a rami. Jira nake su ce akwai ciwo in tona musu asiri.

Sakamako ya fito, babu komai. Kowa ya yi hamdala. Kunya ta hana ni magana har wata huɗu, Baba kuma yana ta ƙarewa.

Ranar da ya kasa tashi salla, 'yar ƙanin nasa ta ja ni zaure ta ce, "Yaya, jinin nan bai yi kama da na tsoho mara lafiya ba. Me ka kai mana?"

Na faɗa mata. Ta ɗauko sirinji ta sake ɗibar jinin Baba.

Gwaji na biyu ya nuna ciwon, amma likita ya ce ya riga ya kai ƙashi. Baba ya yafe mini kafin ya rasu.

Tun daga nan, in abu ya shige mini duhu, tambaya nake yi a fili. Zargin da na ɓoye a ciki bai kama kowa ba sai mahaifina.