Wuƙar Baba Malam

Mu Kirista a Gure ba mu da yawa. In muka taru a majami'a ran Lahadi, benci shida ya ishe mu har da baƙi. Babana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, aiki ya kawo shi daga Maradi tun kafin a haife ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani dattijo da muke kira Baba Malam, da matarsa da muke kira Inna.

Tun ina goye Baba Malam ke yanka mana ragon Nowel, bikin haihuwar Almasihu. In musulmi ya yanka, duk unguwa za ta ci hankali kwance. Su ma ran Layya cinya guda tamu ce. Kwano kuwa ba ya komawa wayam tsakanin gidajen nan biyu, ko dabino biyar ne sai an zuba.

Shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, ciwo ya shanye wa Baba Malam ɓarin jiki, hannunsa na dama ya koma rawa. Da Nowel ta zo, babana ya ce kada a wahalar da tsoho. Aka kira mahauci daga kasuwa, ya yanka da sassafe ya tafi. Da rana na kai wa Inna shinkafa da nama a langa. Ko murfin ba ta ɗaga ba, ta ce in mayar, sun ƙoshi.

Ni kuwa Allah ya hore mini baki, kuma a lokacin ban san inda ake ajiye shi ba. Na tsaya a tsakar gidanta na ce in abincinmu ne ya zama ƙazanta, da ta faɗa tun shekarun da take suɗe mana kwano. Na ɗauki langata na fita ina taƙama. Shekara biyu ba gaisuwa, ba naman Layya. Mamana ta yi ta kuka a ɓoye, ni ko a jikina, gani nake na ƙwatar mana mutunci.

A babban hutu na biyu aka tura mu taron matasa a Damagaram, kwana biyar. Gaskiya waƙa da ƙawaye suka kai ni. Muna kwana kan tabarmi a cikin aji, mu sha kunu da safe, mu yi ta kiɗa har murya ta dushe. Rana ta uku wata tsohuwa, matar wani fasto, 'yar ƙarama da ita, ta yi mana magana kan biyayya ga Allah. Ta ce mu bar mafarkin za a aike mu ƙasa mai nisa. Yawanci abin da Allah ke nema a gare mu mun riga mun san shi, kauce masa kawai muke yi. Sannan ta ce kowa ya nemi inuwa shi kaɗai, awa guda, ba hira.

Na zauna ƙarƙashin wani itacen bedi na rufe ido, ba abin da nake gani sai fuskar Inna. Na yi ta gardama da Ubangiji, ina jera masa hujjoji kamar ba ya nan ranar da abin ya faru. Da awar ta cika na sami tsohuwar na kwashe labari na ba ta, ina jaddada cewa Inna ce ta fara.

Ta ce, "Ba a tambaye ki wa ya fara ba, 'yata. Ana tambayarki ne ko za ki je."

Ran da mota ta sauke mu a tashar Gure, ban shiga gidanmu ba, don na san in na ajiye jaka zuciyata za ta sake shawara. Da jakar na yi sallama a gidan Baba Malam. Inna na tankaɗe. Na durƙusa na ce na yi mata rashin kunya, ta yafe mini. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi, sannan ta ajiye rariya ta ba ni labarin da ba wanda ya sani a gidanmu.

Ashe ranar Nowel ɗin nan tun asuba Baba Malam ya sa ta ɗauko masa wuƙa da dutsen washi. Da hannun hagu ya wasa ta. Ya sa farar rigarsa ya zauna a zaure yana jiran a zo kiransa, sai ya ji kukan rago ta bayan katanga. Ranar ko ruwa bai nema ba.

Ta ce, "Ba namanku na ƙi ba. Kun nuna mishi ya gama amfani, alhali yana da ranshi."

Na yi kuka sosai, na kunya da na sauƙi a haɗe. Da na gaya wa babana, sai ya sa hularsa ya zagaya gidan Baba Malam.

Nowel ta wannan shekarar ni na ja ragon da kaina har ƙofar zaure. Babana ya danne ƙafafu, Baba Malam ya yi bisimilla, ya yanka da hagu, ja ɗaya. Ya ɗago yana dariya ya tambayi babana ko mahaucinsa ya fi haka. Inna ta rangaɗa guɗa, mamana ta amsa daga bayan katanga. Ban taɓa jin daɗin da na ji ranar ba.

Na je taruka da yawa bayan wannan, yanzu ma ni ke dafa wa matasa abinci in sun taru. Waƙoƙin na manta rabinsu. Abin da ya zauna mini shi ne, in Allah ya nuna mini ƙofar da zan je, nakan je kafin in ajiye jaka.

Rago huɗu Baba Malam ya ƙara yanka mana kafin ya rasu. Bayan an share makoki na kai wa Inna abinci a langar nan. Da ta dawo na ji ta da nauyi. Na buɗe, sai ga dabino, a ƙarƙashinsa wuƙar a naɗe cikin farin ƙyalle. Har yau duk safiyar Nowel babban ɗansa yakan yi sallama a ƙofarmu, ni kuma in shiga ɗaki in ɗauko masa ita.