Tagullar Jitar Baban Rifkatu

"Maman Rifkatu, saurara da kyau. Kin ji bambancin?"

Ina tsaka da tsintar wake maigidana ya jona jitarsa ta lantarki, ya ja waya ɗaya, ya tsare ni da ido. Shi ke kaɗa jita a cocinmu na Samaru, kuma sati biyu ke nan ba shi da zance sai na 'yan ƙarafan nan da wayoyin jitar ke hawa a kai. Jiya ya je Sabon Gari aka cire na ƙarfe aka sa masa na tagulla. Wai ƙarfe na sa sauti ya yi tsini, tagulla kuwa tausasa shi take yi.

Na ce, "Gaskiya ta yi daɗi."

Bawan Allah har da gyara zama. "Tagulla ke nan!"

Sai na lura wayoyin ma sai sheƙi suke. Na ce, "Waɗannan fa, sababbi ne?"

"E to, mai gyaran ne ya nace, wai tsofaffin sun yi tsatsa."

"Tun yaushe suke jiki?"

Ya sosa ƙeya. "Tun kina goyon Rifkatu."

Jama'a, Rifkatu bana take aji huɗu!

Ran Lahadi na san duk coci sai sun sha labarin tagulla, ni dai zan ja bakina in yi ta tafi. Makaɗa, ku raba mu: tagullar ce, ko tsatsar da ta tafi?