Hannun da Sale Ya Hana Mu

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanena Sale makwancinsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Minjibir. Zazzaɓi ne ajalinsa. Amma ni hannunsa na dama ne bai bar raina ba.

Ga yadda abin ya faru, bi da bi. Da kaka muna kwaso dawa ya faɗo daga amalanke, ya karye a wuyan hannu. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama. Bayan an kwance ɗorin sai hannun ya kumbura, fatar ta yi sheƙi, yau zafi zau, gobe sanyi ƙalau. Ya ce ji yake kamar an tura shi cikin garwashi. Muka kira wanzami ya yi ƙaho, ciwo ya ƙaru. Muka je asibiti a Kano, aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau.

A wurina magana ta ƙare ke nan. Shi kuwa sai ya yanke hannun dama na duk rigunansa, wai ko yadi ya taɓa shi ba ya iya jurewa. Ya daina miƙa hannu a gaisuwa, sai dai ya rusuna. Gari ya ɗauka: wasu su ce girman kai, wasu su ce gudun gona.

Ranar sunan jikana liman ya miƙa masa hannu, Sale ya noƙe. Na tashi na cafki hannun na danƙa a cikin na liman. Ƙarar da ya yi har matan cikin gida sun ji ta.

"Tashi, kana ba mu kunya," na ce. "Likita ya ce ka warke."

"Yaya, a jikin likitan hannun yake?"

Bai sake zama cikin taro ba har ya rasu, shekara uku bayan haka.

Bara 'yarsa Hadiza, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zaunar da ni. "Baffa, ciwon Baba yana cikin littattafanmu." Ta ce wani lokaci rauni kan warke amma kumburin ya ƙi kwanciya, jijiyoyi su yi ta kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi, kuma hoton farko ba lalle ya nuna komai ba. Ta ce akwai na'urar da ke tura lantarki ɗan kaɗan ga jijiya don ta danne saƙon. Wata a fata ake manna ta, wata sai an yi aiki an dasa ta kusa da lakar ƙashin baya. Wasu sun sami sauƙi, wasu ba su samu ba.

Na tambaye ta ina ake dasawar. Ta girgiza kai. "Ko yana raye, Baffa, ba inda za mu iya kai shi ba ne."

Ina tunanin abin da Sale zai ce da ya ji wannan. Na san shi, ba na'urar zai tambaya ba. Kallona zai yi ya ce, "Yanzu ka yarda?"

Da ma maganin ba ya hannuna, jiya da yau. Yarda da maganarsa ce take hannuna, ita kuma na hana shi. Abin da ya rage nasa shi ne Hadiza, da riguna huɗu masu hannu ɗaya da na hana a rabar. Na yarda, Sale, sai dai babu wanda zan faɗa wa. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.