Malam Mudi, Mai Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Kullum da hantsi Malam Mudi yana cikin rumfar raga a unguwar Gassi, yana jiƙa daɓe don iska ta yi sanyi, yana bin tukwane ɗaya bayan ɗaya. Furen da yake reno, orkide, ɗan daji ne mai iyayi. Ba ya son ƙasa, ba ya son ruwa ya kwanta masa. A kan ɓawon itace da fasasshen bulo yake rayuwa, saiwarsa a waje tana shan iska. Shekaru Mudi ya yi yana raya shi a zafin N'Djamena, har aka yarda ana iyawa.

Ƙaninsa Ladan, mai lambun salak a bakin kogin Shari, shi ya fi kowa sanin halin Mudi, kuma da kunya yake ba da labarin. Wata bazara ciwo ya kwantar da Mudi, Ladan ya ce zai riƙe masa rumfar. Da ya ga saiwoyi tsirara a kan bulo, tausayi ya kama shi, ya ɗauka rashin hali ne ya hana yayansa samo ƙasa mai kyau. Sai ya kwaso ƙasar bakin kogi da takin shanu, ya cika tukwanen, ya riƙa sheƙa musu ruwa safe da yamma kamar salak.

Ranar da Mudi ya dawo, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe tana wari. Ladan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Mudi ya durƙusa, jikinsa bai gama warwarewa ba, ya shiga zazzage tukwane yana yanke ruɓaɓɓen wuri. Da matar da ke da rumfar ta tambayi wanda ya yi ɓarnar, ya ce shi ne bai bar bayani ba. Fiye da rabi suka mutu, sauran kuwa sai da damina biyu ta wuce kafin su sake fure. Duk tsawon lokacin Ladan bai ƙara taka Gassi ba, ko a masallacin unguwar Bololo zille wa yayansa yake yi.

Malam Mudi, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba, ba ka kuma taɓa goranta wa kowa ba.

Bana idonsa ya yi rauni, zai ajiye aiki. Aka ce ya kawo magaji, ya aika a kira Ladan. Ladan ya zo kansa a sunkuye.

"Yaya, ni da na kashe su?"

"Shi ya sa," in ji Mudi. "Duk garin nan babu mai tsoron zuba musu ruwa kamarka."

Mun gode, Malam Mudi, Allah ya ƙara lafiya. Duk wanda ɗan'uwansa ya yi masa ɓarna da kyakkyawar niyya, ya bar masa hanyar dawowa yadda ka bar wa Ladan. Yanzu shi ke jiƙa daɓen, kuma har yau bai iya haɗa ido da kai ba.