Rawanin da Na Wanke

Ni fa ba ni na kai kaina ba. Ina bakin tasha a Ikara, na jingina da mashin ina shan rake, Inna ta kira ni wai in bar komai in tafi Furana, Kaka za ta shanya kayan adaka kuma bayanta ya hana ta sunkuyawa. Na ce Inna yau fa kasuwa ke ci. Ta ce yayyenka duk suna gona, kai kaɗai ne aikinka zama a kan taya. Haka na tayar da mashin ina ƙunƙuni.

Kaka uwar babanmu ce. Mahaifinta ya yi dagaci a wani ƙauye can wajen Dandamisa, aka sauke shi tun tana budurwa, sarautar ta koma wani gida, ba ta dawo ba. Abin da ya rage mata adaka ce guda. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ta fito da kayan su sha iska. A waccan shekarar kuma akwai dalili. Baffa, babban ɗanta, zai aurar da 'yarsa ran Juma'a, Kaka ta ce da rawanin mahaifinta zai zauna wajen ɗaurin aure, don mutanen gidan da ke riƙe da sarautar ma za su zo.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Maigidana ya iso. Ina cefanen?"

Na ce, "Ai na sake ki tun bara, ke ce ba ki iya karatu ba."

"Kai da ka iya, aji nawa ka yi?"

Na buɗe adaka.

Akwai alkyabba da asu ya ɗan taɓa gefenta. Akwai rigar saƙi mai aska takwas, nauyinta kamar rabin buhun masara. Akwai murjanin uwarta a ƙullin tsumma, da mundayen azurfa huɗu da suka yi baƙi ƙirin. Mundayen na fara kamawa. Na samo toka da lemon tsami na dirje su har suka koma fari tas. Kaka ta zura ɗaya a hannu, ta juya shi a haske, ta ce, "Ashe kana da amfani." Nan kaina ya kumbura. Na ɗauka duk wani tsohon abu wanki yake jira.

Can ƙasa rawanin yake, a naɗe cikin takarda. Baƙi ne mai sheƙi, irin wanda ake ce wa ɗan kura. Ina taɓa shi yatsuna suka yi shuɗi. Na ce a raina, kai, shekara nawa wannan abu bai ga ruwa ba?

Maƙwabciyarta ta haihu, Kaka ta ɗauki mayafi za ta shiga barka. Daga bakin ƙofa ta ce, "Rawanin nan kada rana ta taɓa shi." Rana ta ce. Ba ta ce ruwa ba.

Na zuba garin sabulu a baho. Ruwa na farko ya yi kamar tawada, na zubar. Na biyu haka. Sai a na huɗu ya fara washewa, ni kuma ina ta murna, har da fito. Na shanya shi a inuwa, yadda ta ce. Da ya fara bushewa ne na ga ɓarnar da na yi. Sheƙin nan babu shi. Ya koma ƙyalle kawai, irin wanda nake goge mashin da shi.

Kaka ta dawo, ta tsaya gaban igiya. Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta murza bakin rawanin, ta duba yatsunta. Fes suke.

Ta ce, "In mahaifina ya cire shi da yamma, goshinsa shuɗi yake. Ni nake kawo masa ruwa."

Ta shige ɗaki.

Baffa ne ya yi mini bayani, da murya ƙasa ƙasa, wadda ta fi mari zafi. Shuni ake bugawa cikin ƙyallen da sanduna har ya yi wannan sheƙin, shi ne darajarsa, kuma ba a wanke shi har abada. Na ce zan kai shi marina a Zariya a sake buga shi. Ya ce a kwana biyu? Kuma ko an buga, sabon shuni ne, ba wanda ya taɓa goshin kakansu ba.

Ran Juma'a Baffa ya zauna da farin rawani na kasuwa. Wani dattijo daga wancan gidan ya tambaye shi ina na marigayi, ya ce yana gida. Ina bayansu, na yi kamar ina duba waya.

Bayan an watse na shiga wajen Kaka. Ta amsa gaisuwata da sunana na yanka, babu maigida, babu cefane. Da na bar shi a haka, da ya fi. Amma bakina ba ya jin birki. Na ce ai ke ce ba ki faɗa ba, rana kawai kika ce. Ta ce ko awakin gidan nan sun san ba a jiƙa shi. Na ce to, wai ma mene ne a ciki, sarautar da ta tafi tun ba a haifi babanmu ba?

Ta ɗago ta dube ni, munduwar da na goge tana hannunta.

Ta ce, "Waɗanda suka karɓe sarautar ma sun bar mana rawanin. Sai da muka haifi mai sabulu."